Zaren da na kaɗa da hannuna shina ta tsinkewa a masaƙa

Maman Nafisa, Tawa:
Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana na wanga zaure. Ina kwananku, ina ɗari? Wata damuwa ce ta kawo ni, kuma na san cikinku akwai waɗanda sunka tashi cikin sana'ar.

Kakata ta wajen uwa ta rasu bara bayan sallar layya. Ƴar Sakkwato ce, aure ya kawo ta Adar, kuma da masaƙarta ta zo, irin ta mata wadda ake jinginawa ga bango. Da anka zo rabon kaya ba wanda ya dubi itatuwan, ni na kwaso su: itacen sama da na ƙasa, da akwashar buga saƙa da hannunta ya goge har tana ƙyalli, da taskira, da mazari guda. Na koyi kaɗi gabanta ina ƴar shekara 9 ko 10, sai lakwal ta ɗauke ni, daga nan sai aure.

Yanzu ɗiyata ta fari na da ciki wata 6. Na yi niyya majanyin da za ta goya jikana da shi ya fito daga hannuna, tun daga kaɗa har saƙa. Wani ƙanen maigida ya kawo mini kaɗa daga wajen Madawa. Na gurje, na shiɓe, na yi sutu, wato na naɗe shiɓaɓɓiyar kaɗar don kaɗi, na kwashe wata 3 ina kaɗi bayan isha'i. Shekaranjiya na yi wadari, wato na jera zaren tsaye, na ɗaura bisa masaƙa. To duk sa'ad da na buɗe saƙa na buga akwasha sai in ji tas, zare ya tsinke. Ban kai taƙi guda ba na yi ƙulli 11. Jiya har hawaye na yi. Mi na yi ba daidai ba?

Hajiya Mariyama, Yamai:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka, ya sauki ɗiyarmu lafiya. Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Ki shiga kasuwa ki sayi zaren inji ki yi na tsaye da shi, naki na hannu ki sa shi a kwance. Haka kowa yake yi yanzu. Wata 3 suka rage miki, haihuwa kuwa ba ta jiran saƙa.

Gwaggo ta Buza:
Tsaya tukuna, Hajiya. Ɗiyata, ba ni amsa. Gululun, wato dunƙulen da ke gindin mazarin, babba ne ko ƙarami? Sannan ki warware kamu biyu na zaren, ki riƙe bakin nan da bakin can, ki matso hannuwanki kusa da juna. Ya nannaɗe kanshi, ko ya saki jiki shina lilo?

Maman Nafisa, Tawa:
Gwaggo, gululun ya kusa kai lemun tsami. Na gwada yanzun nan, ya ɗan lanƙwashe kawai, bai nannaɗe ba.

Gwaggo ta Buza:
To ai abawa kinka kaɗa, ɗiyata. Abawa kinka ɗaura tsaye, dole ta tsinke.

Uwayenmu da mazari biyu suke zama. Mai babban gululu na abawa ne, wadda ake bari da kauri da taushi don ta cika zane, ya yi ɗumi, ya sha ruwa. Ita kwance take shiga, ba abin da ke janta. Mai ƙaramin gululu shi ne na zare, don shi ke juyawa da sauri. Ki tsinko gashin kaɗa guda ki duba, bai wuce gaɓar yatsa ba. Ba abin da ke riƙe waɗannan gajerun gasu da juna sai murɗa. In murɗar ta yi kaɗan, da an ja sai su zame. Je ki dubi bakin wanda ya tsinke, za ki ga ya yi buzu-buzu kamar gemun masara, alamar sulluɓewa ya yi.

In za ki kaɗa na tsaye, ki aza tsinin mazarin cikin sakaina ko ɗan ƙoƙo, kar ki bar shi rataye nauyinshi na jan zaren. Ki shafa alli ga yatsu. In kin ja kamu guda kar ki yi gaggawar naɗewa. Ki tsaida ja, ki ƙara murza mazarin sau uku ko huɗu, sai kin ji zaren ya yi tauri cikin yatsunki har shina neman jawo hannunki. Sannan ki naɗe. Wurin da sutu ya ƙare kinka haɗa wani, nan ne mafi rauni, ki ba shi murɗa fiye da ko'ina.

Wahalarki ba ta tafi banza ba. Sauke wanda ke bisa masaƙar a hankali ki dunƙule. Majanyi da ma abawa mai taushi yake so, fatar jinjiri za ta taɓa.

Ɗan Masaƙi, Tawa:
Salamu alaikum. Na karanta wa Baba zancen nan duka. Ya fi shekara 50 bisa masaƙar maza, ido ne ya tashe shi. Ga abin da ya ce in rubuta:

Gwaggonki ta gama magana kan kaɗi, ba ni da ƙari. Saura biyu, kunu da ɗari.

Zaren hannu, komi kyan murɗarshi, gashi gare shi. Duk buɗewa guda, zare na gogar ɗan uwanshi, shina gogar allira mai ɗaga silin tsaye, mu maza kuma ga matsefi. Gashin nan shi ke sarƙewa ya hana saƙa buɗewa, ke kuma ki sa ƙarfi, sai tas. Don haka ba mu yin wadari sai mun ba zare kunu. Ki dama na gero ko na garin rogo, ko ruwan da anka tsiyaye daga shinkafa, tsararo ƙwarai, ki tace da ƙyalle. Ki tsoma zaren da sauran ɗumi ya sha har ciki. Ki matse cikin tafin hannu, kar ki murɗe shi kamar wanki. Ki rataye a inuwa da ɗan dutse ƙasa. Kafin ya bushe sarai ki bi ki rarrabe silin, in ba haka ba su manne. In kunun ya yi kauri zaren zai bushe kamar kara ya riƙa karyewa, ga tururuwa da kyankyaso. Ranar wankin farko duk zai fita.

Na biyu, kin ɗaura saƙa cikin tsakiyar ɗari, iska ya tsotse komi. Kaɗa in ta ji laima ƙarfi take ƙarawa. Ki yi aikinki daga bayan asuba zuwa hantsi. Ki yayyafa ruwa ƙasan ɗakin, ki rufe zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle in za ki tashi. Da rana ta take ki bar shi.

Kuma wajen wadari hannu guda zai yi shi daga farko har ƙarshe, zama guda. In wani sili ya fi wani tauri, shi kaɗai zai ɗauki bugun akwasha, shi zai fara tafiya.

Sani Mai Zane, Yamai:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, mun ƙaru. Amma ni ina bayan Hajiya, kuma da dalili. Shekarata 14 ina sayar da kayan saƙa. Ina sari wajen masaƙan gidan tarihi na Bubu Hama da na Wadata, na kuma baje kaya a SAFEM, bikin baje kolin sana'ar hannu ta mata, ba sau ɗaya ba. Bargunan tera-tera da kunta da ake kai wa amare yau, mafi yawansu da zaren inji ake saƙa su, kuma ba wanda ya ce ba saƙar hannu ba ce. Ku yi lissafi. Mace ta yi wata 3 tana kaɗi, ko dala ɗari kacal ka ba ta a yini, jika 45 ke nan, ba a taɓa masaƙa ba tukuna. Wa zai saya? Mai saye kuɗi yake fara tambaya kafin ya taɓa zane. In muka ce sai kaɗin hannu, masaƙan da suka rage ma yunwa za ta kore su.

Mushe Idi, Yamai:
Malam Sani, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da bai shiga cikinsa ba. Ni tarihi nake koyarwa. Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851. Ya tarar tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Ghat da Tarabulus, ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na kuɗin wuri miliyan 300 ba. Ba inji ko ɗaya a lokacin. Kowane sili mace ce ta murza shi a tsakar gida. Turkudin Kura da Abzinawanmu suke naɗawa, da sawaye, da saƙi, da gwado, duk daga mazari suka taso. Ana yabon masaƙa, ana yabon marinan Ƙofar Mata, ba a cika tuna matan da suka ciyar da su zare ba.

Ku dubi Burkina. Sankara ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya Faso Dan Fani, saƙar hannu ta ƙasarsu, ga shi har yau sana'ar tana ciyar da mata masu yawa. Mu me ya hana mu?

Hajiya Mariyama, Yamai:
Mushe, ai misalinka ni ya taimaka. Faso Dan Fanin da ake sawa yau yawancinsa da zaren masana'antar Bobo ake saƙa shi. Auduga tasu, zare na inji, saƙa ta hannu. Abin da na ce wa ƙanwata ke nan tun farko.

Gwaggo ta Buza:
Sani ɗana, kaɗi ba aikin yini ba ne da za ka yi mishi kuɗin yini. Uwata ba ta taɓa cewa yau ranar kaɗi ce ba. An gama daka, tuwo na bisa wuta, mazari na hannu. Ana hira da dare, mazari na hannu. Ranar kasuwa ta aika da dunƙule huɗu ko biyar, a sayo mata gishiri da sabulu, saura ta ajiye. Da kuɗin zare ta yi mini tasoshin aure, ba ta roƙi kowa ba. Kuma wata 3 na ɗiyata na mai koyo ne. Hannun da ya saba ba zai kai haka ba.

Rabi ƴar Ƙonni:
Ni abin da ya fi ci mini rai daban ne. Bara waccan na sayi gwado wajen wani mai shago, zan kai wa surukata. Ya rantse mini kaɗin hannu ne, na tsofaffin ƙauye, na biya ninki biyu ban yi ciniki ba. Tsohuwa ta yafa tana jin wuta da asuba, tartsatsi ya faɗa a gefe. Wallahi narkewa ya yi ya dunƙule kamar leda, har ya ɗan manne mata a hannu. Ashe zaren roba ne. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Tun daga nan ba na sayen saƙa sai na zaro sili ɗaya daga geza na ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka hure. Na roba yana tsukewa ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Kaɗin hannu kuma ka ɗaga shi ga hasken rana, za ka ga sili yana kauri yana sirancewa, ba ya tafiya ɗaya kamar na inji.

Sani Mai Zane, Yamai:
Yaya Rabi, Allah ya ba ki haƙuri. Amma kar a shafa wa dukanmu kashin kaji. Ni ban taɓa sayar da roba da sunan auduga ba. Yadda zancen nan ke tafiya kamar ƴan kasuwa ne suka kashe kaɗi.

Shugabar zaure:
Malam Sani, ba wanda ya ambaci sunanka. Rabi abin da ya same ta ta faɗa. Mu ci gaba cikin mutunci, akwai iyaye a nan.

Ɗan Madawa:
Ba ƴan kasuwa ba ne su kaɗai, Malam Sani, mu manoma ma da hannunmu. Lokacin mahaifina fadamun Magiya kaɗa ce. Kamfanin Faransa, CFDT, shi ya kawo iri yana saye, ga injin gurza a Madawa. Tun a nan mata suka fara rasa ta kaɗi, don maigida ya fi son ya auna a kilo ya karɓi kuɗi a dunƙule. Sai farin 1973, sai na 1984. Wanda ba shi da hatsi ba ya shuka abin da ba a ci. Daga baya albasar Galmi ta nuna ta fi kawo kuɗi, kowa ya koma can. Ga atamfa, ga bosho mai arha. Abu ne ya taru ya yi yawa.

Maman Nafisa, anguryar da kika fitar wajen gurza kar ki ba awaki duka. Ki ajiye tafi biyu wuri busasshe. Damina ta faɗi ki shuka gindi 10 ko 15 a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Ki tsinke da hannu da zarar ta fashe, kafin ƙura da busasshen ganye su shige ta. Wadda aka tsinka da tsabta ta fi daɗin shiɓa nesa ba kusa ba.

Ɗan Masaƙi, Tawa:
Baba ya ce in ƙara wannan. Shi kanshi ya yi shekaru da yawa shina ɗaura zaren inji tsaye, don makaɗan da ke kawo mishi zare sun tsufa sun rasu ɗaya bayan ɗaya. Bai ga abin kunya ciki ba, da shi ya ciyar da mu. Amma bai taɓa miƙa wa mutum zane bai gaya mishi abin da ke ciki ba: wanga tsaye inji kwance hannu, wanga hannu duka, wanga inji duka. Kowane da kuɗinshi. Ya ce wanda ya sayar wa Rabi gwado ya cuci masaƙa fiye da yadda ya cuce ta, don gobe ko na gaskiya anka nuna mata sai ta yi shakka.

Ya ce kuma a gaya wa Hajiya shawararta ba ta ɓaci ba. In lokaci ya ƙure, Maman Nafisa ta bi ta, ba laifi.

Maman Nafisa, Tawa:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na san tausayina kinka ji. Bari in faɗi abin da ya sa na nace.

Ranar da Kaka ta cika, muna shirin aikawa kasuwa sayen likkafani, sai ƙanwar innata ta ce a buɗe akwatinta tukuna. Can ƙasa munka tarar da zugu naɗe cikin tsohon zane, da ƴan ƙwayoyin kanumfari a tsakani. Ita ta kaɗa zaren da kanta, ta ba masaƙi ya saƙa mata fari, ta ajiye ba mu san tun yaushe ba. Ya ɗan yi ruwan madara don daɗewa. Ni na riƙe baki guda ana yankawa. Cikinshi anka sa ta.

Tun ranar nake jin in ita ta tafi cikin kaɗin hannunta, ina so jikana ya fara kwana cikin nawa. Ba na sayarwa ba ne, Malam Sani, guda ɗaya tak nake so. Zan gwada ta Gwaggo da ta Baba. In wata guda ya wuce ban ga haske ba, in shiga kasuwa.

Hajiya Mariyama, Yamai:
Allahu akbar. Kin sa ni hawaye. Yi abinki ƙanwata, Allah ya ba ki iko.

Sani Mai Zane, Yamai:
Wannan daban ne, ba ni da ta cewa. In kin rasa ƙaramin mazari ki faɗa, in tambaya miki a nan in aiko a mota.

Maman Nafisa, Tawa:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan sati 5.

Mazarin ban sha wuyar samu ba. Ina ba maƙwabciyata labari sai surukarta, wata tsohuwa da nake gaidawa kullum shekara 8 ban san makaɗiya ce ba, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da shi cikin tsumma. Gululun bai fi goro ƙarami ba. Ta ce in murza ta gani. Na ja kamu guda za ni naɗewa, ta kama wuyan hannuna ta ce ban gama ba. Abin da Gwaggo ta faɗa ne sak, sai dai a rubuce ban gane iyakar taurin ba sai da ta sa zaren tsakanin yatsuna ta ce in ji. Tun ranar kusan kullum bayan la'asar tana zuwa. Rabin zaren tsayen ita ta kaɗa, ba zan ɓoye ba. Cikin kwana 19 munka gama.

Kunun farko ya yi kauri, dunƙule guda ya manne na yi asararshi. Na biyu na ƙara ruwa har ina hango gindin ƙwarya, ya yi daidai. Na yi wadari zama guda, na hana kowa taɓawa. Ina zama bayan asuba in tashi da hantsi. Daga farko har na sauke, sau 4 kawai zare ya tsinke, uku daga ciki a gefe guda.

Jiya na wanke. Kafin wanki tsawonshi santimita 190, faɗi 52. Ya bushe ya koma 174 da 48. Da farko gabana ya faɗi, amma ya cika ya yi laushi, ramukan da nake gani duk sun rufe. Gefen hagu ya ɗan shige ciki wajen tsakiya. Ga hoto nan.

Gwaggo ta Buza:
Masha Allah, barka ɗiyata! Shigewar gefen daga jan abawa ne. In kin wuce da ita ki bar ta ta ɗan yi baka kafin ki buga, kar ki ja ta miƙe. Raguwa kuwa halin kaɗin hannu ne, gaba ki ƙara taƙi guda tun wajen wadari. Gezar ki murɗa sili huɗu huɗu ki ƙulle, don kar ta warware wajen wanki. Ki gaida mini tsohuwar nan ƙwarai.

Rabi ƴar Ƙonni:
Barka Maman Nafisa. Ina zuwa Tawa biki ƙarshen wata. Ko tsohuwar za ta yarda in zo in zauna da ku yini biyu? Mazarin innata na nan cikin kayana, ban taɓa murza shi ba.

Maman Nafisa, Tawa:
Na tambaye ta yanzu. Ta ce ki zo, amma ki taho da kaɗarki gurzajjiya, don tamu saura taskira guda, kuma ta riga ta sa ni fara zaren na biyu.